Jirgin Gaya Bai Isa Kasuwar Lolo Ba

Ranar Laraba 13 ga Satumba, 2017, da safe, wani jirgin ruwa ya baro Gaya ta jihar Doso a Jamhuriyar Nijar, ya biyo Kwara ya gangaro. Cike yake da 'yan kasuwa da kayansu, za su ci kasuwa a Lolo, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi. Mutum 70 ne ƙa'idar jirgin. Waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana sun ce su 150 ne a ciki, ban da kaya. A kusa da Lolo ya kife.

Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce an ceto mutum 84, an tsamo gawa 33. Ɗauki alƙalami ka cire 84 da 33 daga 150. Saura 33. Waɗannan ba sa cikin waɗanda suka fito da ƙafarsu, ba sa cikin waɗanda aka fito da su aka yi wa sutura. Shi kansa adadin 150 ɗin daga bakin waɗanda suka tsira aka ji shi, mutanen da suka fito daga bakin mutuwa suna rawar sanyi, aka ce su tuna mutum nawa suka gani. Jirgi ya taso daga wata ƙasa, ya bi gefen ta biyu, ya shigo ta uku, amma da abin ya faru, ƙiyasin waɗanda suka sha ruwa shi ne abin dogaro.

Wanda bai san wurin ba zai ce me ya kai mutum 150 cikin jirgi ɗaya ana tsakiyar damina. Kwara sau biyu take cika a shekara a wannan yanki. Akwai cikar damina, jan ruwa mai laka da ƙarfi, wadda ke kai maƙura a Agusta da Satumba. Akwai kuma ruwan da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni a hanya, ya iso da sanyi. Ta farkon ita ce mai haɗari, kuma kowane ɗan bakin kogi ya san haka. Ba jahilci ya sa su cikin jirgin ba. Taswira ce.

Lolo tana daidai inda Kwara ke shigowa Najeriya, a gaɓar da ke manne da Jamhuriyar Benin. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Paris ranar 14 ga Yuni, 1898, aka yanke cewa iyaka za ta taɓa kogin a wuri mai nisan mil goma sama da Giris, tashar jiragen Illo. Da wannan awon mil goma aka raba Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulanin da ke aure da cinikayya da juna tun kafin Bature ya san sunan kogin. Yau idan ɗan Gaya yana son zuwa Lolo ta ƙasa, hanya biyu gare shi. Ko dai ya hau gada ya shiga Malanbil ta Benin, ya bi ta Madekali ya faɗo Najeriya, wato ya ƙetare iyaka biyu da buhunansa. Ko kuma ya bi ta Kamba, ya shigo Najeriya a gaɓar da ba ita yake nema ba, ya gangara can ƙasa har gadar Tuga, ya ƙetare, sannan ya sake hauro kogin ta ɗaya gefen. Kowace hanya ya ɗauka, shinge na jiransa, kuma a kowane shinge akwai hannu. Kogi kuwa a miƙe yake, ga arha. A bakin iyaka kalmar fito ma'ana biyu gare ta: ƙetarar da mutum a ruwa, da kuma ƙetarar da kaya ta bayan idon hukuma. Ba banza kalma ɗaya ta ɗauki aikin biyu ba.

Na taɓa shiga irin wannan jirgi a wani mashigi na Kwara, ranar kasuwa. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don abin da na gani ba nasu ne su kaɗai ba. Jirgin katako ne dogo, an haɗa allunansa da ƙusa, an toshe tsakaninsu da tsumma da kwalta, inji ɗaya a baya. Lodi tsari gare shi. Buhunan shinkafa sanfarera da na albasa su ake fara jerawa a ƙasa. Jarkoki su bi gefe-gefe. A kwantar da babura a gicciye, a ɗaure awaki a inda aka samu. Sai a ƙarshe mutane su hau, su zauna a kan buhuna, mata da goyo a tsakiya, samari a baki-baki ƙafafunsu na lilo. Tun ina ganin bakin jirgin a sama da ruwa kamar kamu ɗaya, har ya dawo ina iya tsoma yatsa ba tare da na sunkuya ba. Na ce wa ɗan kamasho, “Malam, jirgin nan bai cika ba kuwa?” Ko kallona bai yi ba. Ya ce, “Jirgi ba shi cika, Mallam, a dai gyara zama.”

A gindin wata bishiya akwai mutum zaune da littafin rasit. Kowane buhu da kuɗinsa, kowane babur da kuɗinsa, kuma ba ya kuskure. Buhu ɗaya bai wuce shi ba. Can gefe wani mai kayan sarki ya taso, mai jirgi ya je suka gaisa, hannu ya shiga hannu, ya koma inuwa. A gabansu duka aka ci gaba da loda mu. Mutane kan ce waɗannan wurare babu hukuma. Ni na ga hukuma da idona a ranar, har kashi biyu. Mai ƙirga buhu yana nan, mai karɓar na goro yana nan. Mai ƙirga kawunan mutane ne kaɗai bai zo ba.

Shi ma mai jirgin na saurari nasa lissafin, kuma ban same shi mahaukaci ba. Man da inji zai sha ɗaya ne, ko mutum 70 ya ɗauka ko 150. Kuɗin ƙungiya ɗaya ne. Abin da zai miƙa a mashigin tashi, da wanda zai miƙa idan aka tare shi a tsakiyar ruwa, da na mashigin sauka, duk ba su san jirgi ya cika ko bai cika ba. Fasinjojin farko su ke biyan waɗannan. Abincin gidansa yana cikin na ƙarshe, waɗanda ake cewa a gyara musu zama. Duk naira ɗaya da aka karɓa a hannunsa ba bisa ƙa'ida ba, a jikin jirgin yake fanshe ta, da ƙarin buhu ko ƙarin mutum, ko kuma da allon da ya ruɓe aka ce a bari sai bayan kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, wannan lissafi ƙara tsananta ya yi.

Abin da ke ci mini rai game da haɗarin Lolo shi ne lokacin da ya faru. A shekarar 2017 Kebbi ba jihar da aka manta da ita ba ce. Ita ce abin nuni. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015. A ƙarshen 2016 shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta shiga kasuwa. A farkon Agustan 2017, mako shida kafin jirgin Gaya ya kife, Farfesa Yemi Osinbajo yana muƙaddashin shugaban ƙasa ya buɗe katafariyar masana'antar casar shinkafa ta kamfanin WACOT a Argungu, ta naira biliyan 10. Ba na raina ko ɗaya daga cikinsu. Manoma da yawa sun ga kuɗin da ba su taɓa gani ba. Amma arziki nauyi gare shi. Idan noma ya ƙaru, buhu ya ƙaru. Idan kuɗi ya shiga ƙauye, babur ya ƙaru, masu zuwa kasuwa sun ƙaru. Duk wannan ƙari a bakin kogi kan abu ɗaya yake sauka, jirgin katakon da kafinta ya ƙera da ido, ba wanda ya taɓa auna shi.

A cikin wannan wata na Agusta ne kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka suka fitar da rahoton da ya ce 'yan Najeriya na biyan jami'an gwamnati cin hanci na kusan naira biliyan 400 a shekara. Ba manyan kuɗin da ake sacewa a ofis ake nufi ba. Irin wanda na gani a gindin bishiya ne, ɗari biyu nan, ɗari biyar can, aka tara.

Ba kuma za a ce ba a kashe wa kogin kuɗi ba. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572, kan kuɗi sama da naira biliyan 30. A Janairun 2019 aka yi bikin buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro a jihar Neja, aka yanke kyalle, aka watse. Shekaru suka shuɗe manyan jiragen dakon kaya ba su zo ba, ga yashi ya koma inda aka kwashe shi, ga hanyar motar da za ta kai mutum tashar ba ta biyuwa. A ɗaya gefen iyaka ma haka. A 2014 kamfanin Bolloré na Faransa ya fara shimfiɗa layin dogo daga Yamai, da niyyar ya bi ta Doso da Gaya ya haɗe da na Faraku a Benin har Kwatano. Aka yi sauri aka kai Doso, kusan kilomita 140, aka yi biki a Janairun 2016, ana saura makonni a yi zaɓe. A nan ƙarfen ya tsaya. Bai ƙarasa Gaya ba, kuma jirgin ƙasa bai zama abin hawan kowa ba. Bututun man da kamfanin CNPC na Sin ya ja daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, shi kam an gama shi, kuma ta yankin Gaya ya ƙetare kogin. An samo dabarar da ɗanyen mai zai ƙetare Kwara lafiya. Mai sayar da albasa ce har yanzu ba a samo wa ba.

Ba na ɗora wa wani mutum sata a waɗannan ayyuka. Wannan aikin kotu ne. Abin da ido ke gani nake faɗa. Aikin da ake yanke wa kyalle shi ke samun kuɗi, domin akwai kwangila a cikinsa, akwai allon da za a rubuta suna, kuma inda al'adar kashe-mu-raba ta zauna, akwai kaso. Littafin rubuta sunayen fasinja da biro da mutum ɗaya mai albashi da ikon cewa “ya isa, a sauke goma” ba su da ko ɗaya daga cikin ukun. Fenti ja da za a zana a jikin jirgi, a ce idan ruwa ya taɓa nan ba a tashi, nawa ne gwangwaninsa? Wataƙila arhar tasa ce ta hana a saye shi.

Shekara huɗu ba su cika ba aka maimaita, kuma ranar Laraba ce ita ma. A 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ke tsakanin ƙasar Borgu ta jihar Neja da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a Kebbi ya tsage a tsakiyar ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, ta ce mutum wajen 180 ne a ciki da babura kusan 30, a tsohon jirgin katako. Hukumomin yankin suka ƙara da cewa har da buhunan ƙasar da aka haƙo daga ramin zinariya. Mutum ashirin da 'yan kai aka ceto. Gawar da aka tsamo ta kusa ɗari. Ƙasa da wata uku kafin nan aka jera dalar shinkafa a Zauro ta Kebbi, manyan baƙi suka zo daga Abuja aka ɗauki hoto.

Ruwan Wara ma ba ruwan Allah ba ne zalla, tafkin Kainji ne. Da aka gama madatsar a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Busa da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutum sama da 40,000. Dajin da ruwan ya rufe ba a sare shi duka ba. Kututturan na nan tsaye a ƙarƙashin ruwa fiye da shekara hamsin, suna jiran cikin jirgi. Wutar da madatsar ke bayarwa ta tafi birane, har da Yamai. Kututturan aka bar wa masu fito.

A irin wannan rana, kafin motar wata hukuma ta iso daga babban birnin jiha, masunta da masu ƙananan kwalekwale ne ke faɗawa ruwa. Su ke ciro mai rai, su ke kwana suna laluben gawa, su suka san lungun da ruwa ke kai abin da ya ɗauka. Daga baya sai ta'aziyya ta zo, da buhunan abinci, da kwamiti, da jan kunne ga masu jirgi kan lodi fiye da ƙima. Laifin yakan tsaya a kan mai jirgi, wanda sau da yawa shi ma yana cikin waɗanda ake nema. Ba mu kaɗai ke haka ba. A 26 ga Satumba, 2002, jirgin Joola na gwamnatin Senegal ya kife a gaɓar Gambiya da mutanen da suka ninka ƙa'idarsa fiye da sau uku, 1,863 suka mutu a ƙidayar hukuma. Shekara guda bayan nan aka rufe shari'ar, aka ce laifin kyaftin ne, shi kuwa yana cikin matattu. Koriya ta Kudu ta bi wata hanya dabam. Da jirgin Sewol ya nutse a Afrilun 2014 da kayan da suka haura ninki biyu na abin da aka yarda masa, mutum 304 suka mutu, yawancinsu 'yan makaranta, firaminista ya miƙa takardar ajiye aiki, kyaftin ya samu ɗaurin rai da rai, aka bi kamfanin da masu sa ido har kotu. Su ma saurin neman arziki ne ya kai su ga wannan rana. Amma sun san sunan kowane yaro da ke cikin jirgin.

Bayan Lolo, duk abin da ya faru a wannan kusurwa ƙara tura mutane cikin ruwa ya yi. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Ta Kamba ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Ciniki bai tsaya ba, hanya ya sauya, farashin shinge ya hau. A daminar 2020 ambaliya ta shanye gonakin shinkafa na dubban ɗaruruwan hekta a Kebbi, ta ci hanyoyi da gadoji, har ta taɓa hanyar gadar Tuga, wadda ta nan ake ƙetarawa zuwa Kaoje da Tsamiya da bakin iyaka. Idan wannan mashiga ta sami matsala, rabin ƙasar Bagudo sai jirgi. Sannan aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka toshe gadar Gaya da Malanbil. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba. Gada biyu ce a wurin, ta 1958 da wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1980. Mutane suka koma ƙetarawa a kwalekwale, da kaya da yara, gadojin na tsaye a gefensu ba kowa a kai.

Yanzu ana gina babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar a Oktoban 2024, kuma kilomita 258 daga ciki a Kebbi suke. Allah ya sa a gama ta, ya sa ta yi ƙarko. NIWA, wadda aka kafa tun 1997 da hedikwata a Lokoja, tana da dokokin sufurin ruwa da suka hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare, suka wajabta rigar kariya. A 2025 ma'aikatar harkokin teku ta ce za ta raba riguna 42,000 ga jihohin da ke bakin ruwa. A takarda babu abin da ya rage.

A jirgin da na shiga akwai irin waɗannan riguna, guda shida ko bakwai, ruwan lemo, an cusa su can ƙarƙashin goshin jirgi, wasu ma ba a cire ledarsu ba. Ba wanda ya miƙa wa kowa, ba wanda ya tambaya, har da ni. Abin da ya tsaya tsakaninmu da ruwa yaro ne ɗan shekara kamar goma sha biyu, a tsugune a wani ɗan rami tsakanin buhuna, riƙe da galan da aka yanke wa kai. Tun da muka tashi yake kwarfar ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin alluna yana watsawa waje, bai ɗaga kai ba sai da inji ya rage gudu muka doshi gaɓa. Na ba shi ɗan abin da ke aljihuna, na ce, “Yaro, yaya kuke gane lodi ya isa?”

Ya miƙa hannu waje, ya jera yatsunsa a jikin katako, daga bakin jirgi zuwa inda ruwa ya tsaya. Ya ce, “Baba, in yatsa huɗu ne, lahiya lau.”

Na duba. Na ce, “Ai wannan uku ne.”

Ya ce, “Yau kasuwa ta.” Ya koma ya ci gaba da kwarfa.